Akuyar Waƙa Ta Huɗu

Mama ta yarda in rubuta wannan labari, amma da sharaɗin kada in kama sunan kowa. Na tambaye ta ko har da akuyar. Ta harare ni ta saman tabarau, ta ce musamman ma akuyar.

Lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki ba dare ba rana, jiniyarsu ce agogon duk wanda ke zaune a kudancin kogi, zumuntar matan cocinmu da ke Narayi ta yanke shawarar yin kaset. Abin yayi ne a lokacin. Duk zumuntar da ta san kanta sai ta ɗinka anko, ta kwashi tulunan kiɗanta da kacau-kacau, ta shiga situdiyo, ta fito da kaset mai hoton mata a jere, kowacce ta haɗe rai kamar an zo ɗaukar hoton fasfo. A zumuntarmu Mama ce mai ba da waƙa, sauran mata suna amsawa. Muryarta siririya ce mai kaifi, idan ta ƙwala maka kira daga bakin rijiya za ka ji ko kana ƙarshen layi. Mu 'ya'yanta a wajen kira da faɗa muka fi saninta, amma a coci har lumshe ido mutane suke yi.

Situdiyon da suka je a Kakuri ɗaki ɗaya ne a cikin gidan haya, an manna tsofaffin katifu da kwalayen ƙwai a bango don kada ƙarar waje ta shigo. Ni ban je ba, an bar ni a gida da tukunyar tuwo, amma na sha jin labarin ranar har na fi waɗanda suka je saninsa. Waƙa uku suka yi lafiya lau. Ta huɗu ita ce wadda Mama ta tsara da kanta, ta yi wata da watanni tana gyara ta a wajen wanke-wanke. A cikinta akwai wurin da kiɗa ke tsayawa cak, mata su yi shiru, Mama ita kaɗai ta ɗaga murya ta ce, "Makiyayi yana kira, wane ne zai amsa?" sannan ta ja ƙarshen kalmar sama, sama, har inda numfashinta ya kai. Daidai nan, tana fara hawa, akuyar mai gidan da ke ɗaure a bayan taga ta buɗe baki ta amsa. Kuma ba ɗan gajeren kuka ta yi ba. Dogo ne mai karkarwa, ya rufe muryar Mama ruf tun daga hawanta har saukarta.

Matan suka daure suka ƙarasa waƙar. Sun so su sake, sai aka ɗauke wuta, janareton mai situdiyon kuma ya ƙi tashi. Mutumin ya ce su je gida su kwantar da hankalinsu, cire kukan akuya a wurinsa kamar tsince tsakuwa ne a shinkafa. Ba wanda ya yi tunanin sauraren kaset ɗin kafin a buga shi kwali-kwali.

Ranar ƙaddamarwa coci ya cika maƙil, an gayyato zumuntoci daga Sabon Tasha da Gonin Gora, kowacce da kalar ankonta. Uwar zumunta, wato shugabar matanmu, ta ce a fara da waƙa ta huɗu tunda ita ce fitacciya. Aka kara lasifika a bakin rikoda. Daga bencin samari a baya dariyar ta faro, ta bi layi-layi har ta iso wajen dattawa, Fasto kuwa ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur, ya daɗe bai same shi ba. Mama tana zaune a layin gaba, ta miƙe wuya, ko ƙifta ido ba ta yi. Na ji kunya ranar nan har ta koma min haushi. Na ji haushin akuya, na ji haushin mai situdiyo, na ji haushin duk wanda ya ƙirƙiro kaset a duniya.

Daga ranar ba wanda ya sake kiran kaset ɗin da sunan da aka rubuta a jikinsa. Kaset ɗin akuya, shi ke nan. Yaran layinmu idan suka hango Mama ta dawo daga kasuwa sai su laɓe a bayan katanga su yi mata kuka, ni kuma in bi su da jifa, don ban gaji haƙuri ba ta kowane ɓangare. Abin da ya ƙara dagula lamarin, a shekarar nan wata zumunta a Barnawa ta fito da nata kaset, da fiyano da jita, ba tari ba atishawa, sumul. Shi ake sawa a rediyo ran Lahadi da safe, shi ake ba baƙo kyauta idan zai koma garinsu. Namu kuwa kwalayensa suka koma ƙarƙashin gadon Mama, ko ɓeraye ba su kula su ba.

Mama ba ta daina waƙa a coci ba, amma ba ta sake ba da ta huɗu ba. Abin da ta samu a madadinta wata 'yar magana ce: "Da ba don akuyar nan ba." Ta ce ranar ƙaddamarwa akwai wani mutum daga gidan rediyo da ya zo musamman don ya ji ta, ya yi dariya har ya cire hula, ya tafi ko gaisuwa babu. Ni dai ban ga mutumin nan ba, amma a gidanmu ya zauna daram kamar ɗan uwa. Idan icce ya jiƙe hayaƙi ya cika mata ido, da ba don akuyar nan ba. Idan Baba ya ɓata mata rai, da ba don akuyar nan ba, da yanzu sai ya bi layi kafin ya gan ta. Mukan yi dariya, ita ma wani lokaci takan taya mu, amma da na girma na gane ba wasa take yi ba. Ta yarda har cikin ranta akwai wata mata da ya kamata ta zama, mai waƙa a rediyo, mai zuwa Jos da Legas a motar da aka aiko mata, akuya ta tare wa matar hanya. Bayan rasuwar Baba, da gida ya yi mata faɗi, maganar nan ta fi kowannenmu zama da ita.

Shugaban masu tsokanarta kuwa ƙanenta ne, Kawu, wanda mu a gida Ankul muke ce masa. Ma'aikacin masaƙa ne a lokacin, duk ƙarshen wata sai ya ƙaro kaset, har ya sa kafinta ya yi masa kabad mai gilashi don su kaɗai. Shi ya kawo mana kalmar evagirin, wato waƙar da ba ta tsufa, kuma shi ya naɗa kansa alƙalin da ke yanke wa kowane kaset hukunci. Hukuncinsa a kan namu gajere ne. Ya ce a duk waɗanda suka yi waƙa a situdiyon nan, akuyar ce kaɗai ta shiga a kan kiɗa. Na Barnawa kuwa ya ce har jikokinmu za su saurare shi. Mama ta daɗe ba ta zuba masa nama a miya ba.

Masaƙu suka rufe, kaset ya mutu, faifan sidi ya zo shi ma ya wuce. Na yi aure na koma Gonin Gora, 'ya'yana suka tasa. Wata rana ina cikin bas zan shiga gari, an matse ni tsakanin buhun doya da wata yarinya mai goyo, sai na ji kiɗan tulu yana tashi daga lasifikar direba. Ko cikin barci na san kiɗan nan. Daga baya na ji cewa ɗaya daga cikin masu tura wa direbobi waƙoƙi a waya a bakin titi ne ya tsinci tsohon kaset ya juye. Na sunkuyar da kai ina jira. Kiɗa ya tsaya, Mama ta yi tambayarta, bas guda har da kwandasta da ke lilo a ƙofa suka taya akuya amsawa.

Tsohon haushin nan ya taso min, na buɗe baki zan wanke su tas, sai na ji sun ci gaba da waƙar. Baiti bayan baiti suke bi, ba wanda ya yi tuntuɓe. Mai goyon nan, wadda na tabbata ba a haife ta ba lokacin da aka yi kaset ɗin, ta rufe ido tana bin Mama kalma da kalma tana jijjiga ɗanta. Da waƙa ta biyar ta shigo, wadda aka yi wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, wani dattijo a gaba ya ce direba ya ƙara murya. Sai da muka kusa gada na farga na wuce inda zan sauka.

Daga nan abin ya zama kamar wasa. Samari suka riƙa yanko wurin akuyar suna ɗorawa a bidiyon waya. A gidan biki, mai saka kiɗa yakan kashe sauti daidai wurin, jama'a su amsa da kansu, har amarya. Wani baƙon Fasto ya zo cocinmu ya yi wa'azi guda a kai. Ya ce a Littafi Mai Tsarki awaki ne a hannun hagu, amma ga akuya ta ji kiran Makiyayi ta amsa, kai da ke zaune a benci da sabon takalmi me ya hana ka? Mutane suka fito gaba da yawa ranar. A wajen jana'iza ma mata sukan ba da waƙar, kuma ko da yake ba mai yin kukan akuya a gaban gawa, idan aka zo wurin sai ka ga kafaɗu suna rawa, har masu makoki su yi ɗan murmushi cikin hawaye. Kaset ɗin Barnawa kuwa na yi ta tambaya, ko mutanen Barnawa ba su tuna da baiti ɗaya ba.

Kawu bai ji kunyar komai ba. Ran Lahadi bayan sujada mukan taru a gindin mangwaron gidan Mama, ni da shi da Auta, ƙanenmu na ƙarshe, wanda yanzu magidanci ne mai situdiyon kansa a Mahuta. Wata Lahadi Kawu ya gyara zama ya sanar da mu cewa shi tun ranar farko ya san kaset ɗin nan evagirin ne.

Na ce, "Ankul, kai da ka ce akuyar ce kaɗai ta shiga a kan kiɗa?"

Ya ce, "To yabo ne ai. Ku ne ba ku gane ba."

Mama tana gefe tana ɓarar agushi a faranti, ba ta ɗago ba. Kawu ya ɗaga yatsa, alamar lacca za ta fara.

Ya ce, "Evagirin ba a gane shi ranar da ya fito. Sai rikoda ta cinye zaren, ka zauna da biro kana naɗewa, ka yanke inda ya tauye, ka liƙe da jan farcen matarka. Kaset ɗin da ka yi ta yi wa haka ba ka jefar ba, shi ne evagirin. Wanda ka bari yara suka zare zarensa suka ɗaure a sanda suna gudu a layi, wannan yayi ne kawai."

Auta ya ce, "Haba Ankul, zamanin biro ya wuce fa. Yanzu abu ɗaya ake dubawa, mutane nawa ne suka ɗora a waya. In ya zaga ko'ina, shi ke nan, ya zama."

Kawu ya ce, "Mura ma tana zaga ko'ina. Ka taɓa jin an ce mata evagirin?"

Na ce dukansu biyu sun kauce hanya. Evagirin shi ne kaset ɗin da ka tsana kana yaro, don shi ake sawa ran Asabar da sassafe, da ka ji shi ka san shara da wanki sun same ka, amma yau idan ka ji shi a shagon wani sai ka tsaya kamar kana gyara takalmi. Kawu ya ce wannan ba ma'auni ba ne, lalaci ne da ya tsufa. Na ce nasa ma ba ma'auni ba ne, rowa ce, don bai taɓa jefar da komai ba a rayuwarsa, har da kaset ɗin Barnawa da ke kabad ɗinsa yana shan ƙura. Nan ya yi mursisi ya ce ai ajiya daban, saurare daban.

Muna cikin haka uwar zumunta ta yi sallama. Ta tsufa, tana dogara sanda, amma muryar shugabanci tana nan. Aka ba ta kujera, aka ba ta kunu, Kawu ya nemi ya jawo ta ɓangarensa. Ta ce ita ba ta san evagirin ba, abin da ta sani shi ne, waƙar da aka yi a auren mutum aka kuma yi a jana'izarsa ba wanda ya ce ba ta dace ba, wannan waƙar ta zauna. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Zumunta za ta yi bikin cika shekaru, kuma matan sun ce a sake fito da kaset ɗin, sabo fil, a ba Auta aikin.

Auta ya ce wa uwar zumunta, "Ba wahala, Mama. Zan wanke shi tas."

Uwar zumunta ta ce kada dai ya sa masa ruwa, ɗaya ne ya rage mata mai kyau. Auta ya yi mata bayani cewa wankin sauti ne, kwamfuta ce ke cire shuu ɗin nan da tsohon kaset ke yi. Don ya burge ta, sai ya ƙara da cewa kwamfutar yanzu har rarraba sauti take yi, ta ware tulu gefe, ta ware muryar mutum gefe, ta ware duk wani abin da ya shigo ba a gayyace shi ba.

Hannun Mama ya tsaya a kan faranti. Ta ɗago a hankali ta ce, "Za ka iya cire ta?"

Ba wanda ya tambayi wa take nufi. Kawu ya miƙe tsaye, ya ce wannan ɓarna ce, kamar a cire gishiri ne a miya don an ga ba shi da kyan gani. Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, amma akuyar nan ce kaset ɗin. In aka cire ta, kin koma 'yar Barnawa." Auta ma ya ce a kasuwance ba dabara ba ce, mutane akuyar suke jira. Uwar zumunta ta ce ita ba ruwanta, mai waƙa ta yanke.

Ni kuwa na hau. Na ce akuya ta kawo mutane bakin ƙofa, na yarda, amma ba ita ta zaunar da su ba. Na ji bas guda yana bin waƙa ta biyar, kuma babu ko kaza a cikinta. Na ce kukan akuya ya cika waya, me ya sa ba a haddace sauran ba? Matar nan ta shekara da shekaru ana mata dariya a wurin da ta fi ƙwarewa, yanzu Allah ya kawo injin da zai bari a ji ta, ku ce a'a don kada 'yan biki su rasa abin ihu? Kawu ya ce in rage murya maƙwabta za su ɗauka rabon gado ake yi. Mama ba ta shiga musun ba. Abu ɗaya ta faɗa, a hankali, tana kallon agushinta.

"Sau ɗaya dai nake so in ji abin da na yi a wurin nan. Ni kaina ban taɓa ji ba."

Da haka magana ta ƙare, Auta ya tafi da kaset. Mama ta shiga shiri kamar mai jiran baƙo daga nesa. Ta sa aka ciro tsohon ankonta daga ƙasan akwati aka shanya, ta fara tambayata ko har yanzu gidan rediyon nan suna shirin Lahadi da safe. A wajen wanke-wanke na ji tana gunagunin waƙa ta huɗu, abin da rabona da ji a bakinta tun ina budurwa.

Sai Auta ya fara kwana-kwana. Yau ya ce ba wuta, gobe ya ce kwamfuta tana ciwo. Daga ƙarshe ya same ni a gida ya ce, "Anti, abin nan bai yiwu ba fa. Akuyar ta manne da muryar. A bar shi yadda yake kawai." Yana magana yana kallon silin. Na san ƙanena, tun yana ƙarami idan zai yi ƙarya sama yake kallo. Na ce Ankul ne ya saye shi da farfesu, ba wani mannewa. Ya ce wallahi ba haka ba ne, in dai bar maganar. Ban bari ba. Washegari da rana na ɗauki Mama a keke napep muka nufi Mahuta, Kawu kuma da ya ji labari ya riga mu isa, wai ya zo jana'izar akuya.

Situdiyon Auta shago ne mai sanyi, bangonsa da soso na gaske, ba kwalin ƙwai ba. Ya ba Mama kujera mai juyawa, ta zauna a bakin-bakinta ta ɗora jaka a cinya. Ya yi ta danne-danne, ya kawo mana ruwa, ya tambayi Kawu lafiyar ƙafarsa. Mama ta ce, "Kai, saka."

Ya saka. Gaskiya ya iya aikinsa. Tulu ya fito ɗas, har ƙarar awarwaron mai kaɗa kacau-kacau ana ji. Muryar Mama ta shigo, ta yarinya, mai kaifi. Na kalli Kawu da gayya, ya kawar da kai. Kiɗa ya tsaya. Matan suka yi shiru, irin shirun da ban taɓa ji a wurin ba. Mama ta yi tambayarta, ta kama ƙarshen kalmar ta fara hawa. Ta hau, ta hau, sai muryar ta yi rawa, ta tsinke kamar igiyar guga ana tsakiyar ja, ta sulalo ƙasa ta faɗi a inda ba nan ne wurinta ba. A ƙarshe aka ji wata 'yar ƙaramar "ash". Sannan tulu ya dawo.

Auta ya kashe. Sanyin ɗakin ya yi min yawa.

Ya ce, "Mama, kwamfuta ce. Wani lokaci in ta cire abu, sai ta ɓata na kusa da shi."

Ta ce, "Sake sawa."

Ya sake. Ta karkata kai tana saurare, ido a rufe, har wurin ya zo ya wuce.

Ta ce, "Ba kwamfuta ba ce. Wannan 'ash' ɗin tawa ce. Haka nake yi in na ƙona miya."

Dukanmu mun san haka ne, da ita muka girma. Na tambaye ta ko ba ta ji ba a ranar. Ta ce taga tana daidai kunnenta, akuyar ta cika mata kai, ba ta ji komai ba sai ita. Sannan ta ce ko kuma ta ji ta manta, oho, an daɗe. Na juya wajen Kawu a shirye, don na rantse a raina in ya yi ko tari sai mun kwashi 'yan kallo. Ga mutum an miƙa masa abin tsokana na sauran rayuwarsa, amma yana zaune yana kallon takalminsa kamar yau ya fara ganinsa. Can ya ce, "Yaya, ai wurin nan ko wace ce..." Ta ɗaga masa hannu, ya haɗiye sauran.

Ta ce, "Ashe rufa min asiri baiwar Allah ta yi."

Ta girgiza kai, bakinta ya fara motsi.

"Ni kuwa da Kirsimetin shekarar da aka yi kaset ɗin, mai gidan ya yanka ta ya aiko wa zumunta da nama don ban haƙuri. Sai da na zaɓi ƙashi na zauna na tauna shi da gayya. Har romo na ƙara."

Kawu ne ya fara fashewa, ya yi dariya har ta sarƙe shi, Auta yana bubbuga masa baya shi ma yana yi. Mama ta yi ta dariya tana dukan jakarta, ta ciro bakin zani tana share ido. Dariyar ta ƙare, sharar idon ba ta ƙare ba, muka yi kamar ba mu gani ba. Da ta gama ta miƙe, ta gyara zani, ta dafa kafaɗar Auta.

Ta ce, "Kai ma ka yi ƙoƙari da ƙaryarka. Mayar da ita inda ka same ta. Kada ka rage mata murya ko kaɗan."

A keke muna komawa Narayi na rasa inda zan sa kaina. Ni na jawo ta, ni na yi ta ɗaga murya a gindin mangwaro. Na ce, "Mama, gaɓa ɗaya ce fa a kaset guda. Sauran duk ke ce, kuma da kunnena na ji mutane suna bin ki."

Ta ce, "Na sani. Ba waƙar ce ke damuna ba."

Mai keke ya kauce wa rami, muka jingina da juna muka dawo. Tana kallon shagunan bakin hanya.

"Matar nan ta rediyo nake tunani. Shekara da shekaru ina jin tausayinta, ina cewa an tare mata hanya, wata rana ko a sama ne za a ba ta haƙƙinta. Ashe babu ita. Tun farko ni kaɗai ce."

Na ji baƙin ciki ya kama ni sosai, irin wanda ake ji idan aka yi rasuwa a gida, don ni ma da matar nan na girma, kuma ina son ta. Na kama hannun Mama, ta bar min shi na ɗan lokaci. Sannan ta zare, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta taɓa bayan mai keke ta ce ya tsaya a bakin kasuwa, ba ta da alayyafon miyar yamma.